Gyaran Tsohon Jirgin Ruwa Mai Filafilai Domin Sayarwa: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya daɗe da mallakar jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, wata rana zai tsaya a gabansa bayan an ɗago shi daga ruwa an ɗora shi a kan tokarai, ya ga launin gangar jikinsa ya koɗe, ya shafa hannu a kai farin gari kamar alli ya manne masa a tafi, katakon da a da yake ƙyalli kuma ya koma toka-toka. Idan yana da niyyar rabuwa da jirgin, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ya gyara shi tsaf kafin ya kai shi kasuwa, domin a ganinsa abin da ya yi kyau dole ya yi tsada. Wannan tunani yana da gaskiya a cikinsa, amma gaskiyar ba ta kai rabin yadda masu jirage ke zato ba, kuma mutane da yawa sun zuba dukiya mai yawa a kansa sun fita da asara. Amsar da nake ganin ta fi kusa da daidai ita ce, babban gyara ba kasafai yake mayar da kuɗinsa a ranar ciniki ba, sai dai akwai wasu 'yan ayyuka ƙanana da wasu gyare-gyare na dole waɗanda barinsu ya fi yinsu tsada. Wahalar tana wajen rarrabe waɗannan da waɗancan.

Ya kamata a fara da fahimtar irin kasuwar da ake magana a kanta. Kafin ƙarshen shekarun 1950, yawancin ƙananan jiragen shaƙatawa da katako ake yin su, kuma katako idan aka yi sakaci da shi ruɓewa yake yi, don haka tsofaffin jirage suna ƙarewa da kansu su ba sababbi wuri. A shekarar 1959 aka baje kolin Pearson Triton a bikin nunin jirage na birnin New York, jirgi mai tsawon ƙafa 28 wanda Carl Alberg ya zana, yana cikin na farko-farko da aka ƙera da yawa daga faibagilas, wato zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaron roba ya daskare. Daga nan masana'antu a Amurka da Turai suka shiga fitar da irin waɗannan jirage dubbai a shekarun 1960 da 1970 da 1980. Samfurin jirgin da ake kira Catalina 30 kaɗai, wanda aka fara ƙerawa a 1974, an yi fiye da guda 6,000. Shi kuwa faibagilas ba ya ruɓewa kamar katako, ba ya tsatsa kamar ƙarfe, saboda haka yawancin waɗannan jirage suna nan har yau, wasu a kan ruwa, wasu a jibge a filayen gyara ciyawa ta kewaye su. Yawansu ya kai har a Faransa, tun daga 2019, akwai ƙungiyar da aka ɗora wa alhakin karɓar tsofaffin jiragen shaƙatawa tana wargaza su. Mai sayar da tsohon jirgi yana shiga kasuwar da haja ta fi masu saye yawa, kuma wannan shi ne tushen dukkan lissafin da zai biyo baya.

A irin wannan kasuwa, kowane samfurin jirgi yana da iyakar farashin da ba ya wucewa. Mai saye yana buɗe intanet ya rubuta sunan samfurin da shekarar ƙira, sai ya ga goma ko ashirin irinsa a jere, daga mafi lalacewa zuwa mafi kyau. Abin da gyara zai iya yi shi ne ya matsar da jirgi daga ƙasan wannan jeri zuwa samansa. Ba zai iya fitar da shi daga jerin ba, domin da zarar farashinsa ya zarce na mafi kyawun 'yan'uwansa, mai saye zai ce da wannan kuɗi gara ya nemi jirgin da ya fi girma ko wanda shekarunsa ba su kai haka ba. Kuɗin gyara kuwa babu ruwansa da darajar jirgi. Mai fenti yana lissafi ne da faɗin gangar da zai shafa da awowin da zai ɓata, kuma sabon inji farashinsa ɗaya ne ko a jirgi mai shekara 5 za a sa shi ko a mai shekara 45.

Mu ɗauki misali da lambobi na ƙiyasi kawai, don a ga yadda abin yake tafiya. A ce mafi kyawun jirgi a wani samfuri ana sayar da shi 100, naka kuma a halin da yake ciki zai yi 75. Dillalan jirage galibi suna karɓar la'adar kashi 10 cikin 100, saboda haka idan ka sayar yau, abin da zai shiga hannunka 67 da rabi ne. Idan kuwa ka kashe 30 wajen sabon fenti da sabunta katako, kuma ka yi sa'a jirgin ya kai ƙololuwar farashi, bayan la'ada za ka karɓi 90. Ƙarin da ka samu 22 da rabi ne a kan 30 da ka kashe, tun kafin a sa kuɗin ɗaga jirgi daga ruwa, da hayar filin da ya zauna watannin gyara, da inshorar da ke ci gaba da tafiya. Wannan ma idan an ɗauka cewa fenti kaɗai ya isa ya kai jirgi sahun gaba ke nan, alhali jirgin da ke sahun gaba yawanci injinsa da wayoyinsa da filafilansa ma sababbi ne.

To, me mai saye yake biya a haƙiƙa? Wanda ya san jirage, ko wanda ya yi hankali ya ɗauko masanin duba lafiyar jirgi kafin ya biya, tsoronsa yana kan abubuwan da ido ba ya gani. Wannan masani yana da muhimmanci fiye da yadda masu sayarwa ke tsammani, domin kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar tsohon jirgi sai da rahotonsa, tashoshin ajiye jirage da yawa kuma ba sa ba da wuri sai da inshora. Ke nan jirgin da ya faɗi a wannan bincike ya rasa mafi yawan masu sayensa a rana ɗaya.

Kallon yadda yake aiki yana koyar da abubuwa da yawa. Yakan hau doron jirgi da 'yar ƙaramar guduma mai kan roba, ya durƙusa, ya riƙa ƙwanƙwasawa taku bayan taku yana kasa kunne. Inda doron yake da lafiya, ƙarar takan fito a kaifafe, ƙwas-ƙwas. Inda ruwa ya shiga, sai ta koma dum-dum kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali, nan take ya sa alama da fensir ya ɗauko na'urar auna danshi ya ɗora. Dalilin wannan shi ne, a yawancin jiragen wancan zamani doron ba faibagilas zalla ba ne. Faifai biyu ne na faibagilas da aka sa katako mara nauyi a tsakaninsu, galibi wanda ake kira balsa, don a samu ƙarfi ba tare da nauyi ba. Kowane ƙarfe da aka ɗaure a kan doron an huda masa rami, kuma bayan shekaru talatin ko arba'in abin da aka liƙe ramin da shi ya bushe ya tsage, ruwa ya riƙa tsiyaya ciki kaɗan-kaɗan har katakon tsakiya ya ruɓe ya zama kamar dusa. Gyaran wannan sai an yanke faifan sama, an kwashe ruɓaɓɓen, an sa sabo, an mayar an liƙe. Sabon fenti a kan irin wannan doro ba ya ɓoye komai ga guduma, kuma yakan sa mai saye ya fara zargin cewa an yi fentin ne don a rufe aibi, daga nan kuma ya daina yarda da duk abin da aka faɗa masa.

Bayan doro sai wayoyin ƙarfe da ke riƙe da jigon da ake ɗaura filafilai. Ƙarfe ne mara tsatsa, amma yana gajiya, kuma yakan ci daga ciki a wuraren da iska ba ta kaiwa, musamman inda aka matse bakin waya da inda faranten da ke riƙe ta suka ratsa doro suka shiga ciki. Shi ya sa masu inshora da yawa suke neman a sauya su ko a yi musu cikakken bincike idan sun kai shekara 10 zuwa 15. Sai notocin da ke riƙe da dalma ko ƙarfen da ke rataye a ƙasan jirgi yana hana shi kifewa, sai famfunan da suka huda ganga a ƙarƙashin ruwa tare da tiyo-tiyonsu, waɗanda idan ɗaya ya ɓalle jirgi na iya nutsewa a inda yake ɗaure. Sai inji, wanda a ƙaramin tsohon jirgi sauya shi kan iya cin kuɗin da ya kusa darajar jirgin baki ɗaya. Jiragen Amurka da yawa na shekarun 1960 da 1970 sun zo da injin fetur mai suna Atomic 4, kuma masu saye da yawa a yau sun fi son dizal saboda tururin fetur a rufaffen wuri yana da haɗarin gobara.

Gyaran waɗannan abubuwa ba ya ɗaga jirgi sama da farashin kasuwa, domin mai saye yana ɗauka cewa haƙƙinsa ne ya samu jirgin da jigonsa ba zai faɗo ba. Abin da yake yi shi ne ya hana farashi rugujewa. Mai saye da ya ga aibi a rahoto ba ya rage daidai kuɗin gyaran, yakan rage fiye da haka saboda bai san iyakar ɓarnar ba, kuma yana lissafa wahalarsa da lokacin da zai rasa. Wani ma juyawa yake yi ya tafi. Don haka aibin da yake ƙarami, sananne, wanda za a iya gamawa da shi a ba da rasit, kamar sauya tsofaffin tiyo da famfuna, ko sake liƙe ƙarafan doro kafin ruwa ya yi nisa, ko yi wa inji cikakken sabis, ya cancanci a yi shi kafin sayarwa. Wanda yake babba kuwa, kamar sabon inji ko buɗe rabin doro, a nawa ganin gara a faɗi gaskiya, a nemo ƙiyasin kuɗin gyaran a rubuce daga ƙwararre, a rage farashi a bar wa mai saye ya yi yadda yake so. Faɗin gaskiyar nan wajibi ne ko da ba ta kawo riba ba, domin jirgin ruwa rayuka yake ɗauka, kuma wanda ya ɓoye tsagar da ya sani a farantin da ke riƙe jigo ya jefa wasu cikin haɗari a tsakiyar teku.

Akwai wani aibi da ya fi kowanne tayar da hankalin masu saye, wato ƙurajen da ke fitowa a gangar jirgi ƙarƙashin ruwa. Ruwa yana ratsa fatar waje a hankali, ya haɗu da ragowar sinadaran da ba su gama daskarewa ba a cikin faibagilas, ya zama wani ruwa mai tsami da ke kumbura fatar. Idan aka fasa ƙurjin, warin ruwan tsami ne ke fitowa. Cikakken maganinsa shi ne a feƙe fatar gaba ɗaya, a wanke, a bar gangar ta bushe na watanni, sannan a shafa ifoksi, wani ƙaron roba mai hana ruwa shiga, rufi-rufi. Aiki ne mai tsada da cin lokaci, kuma a jirage masu kaurin ganga 'yan ƙuraje ƙanana ba kasafai suke taɓa ƙarfin jirgi ba. Mai sayarwa da ya tarar da 'yan kaɗan zai iya buɗe su ɗaya-ɗaya ya busar ya cike, ya kuma gaya wa mai saye abin da ya yi.

Yanzu sai kwalliya ita kanta, wadda a kanta ne aka fi yin kuskure. Fatar waje ta jirgin faibagilas, wadda ake kira jelkot, kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba, amma sau da yawa farin garin nan da ke manne wa hannu a saman-sama kawai yake. Idan aka wanke, aka bi da samfefa mai laushi ƙwarai da ruwa, aka goge da injin gogewa da man sa ƙyalli, launin asali yakan dawo har mutum ya ga inuwarsa a jiki. Aikin 'yan kwanaki ne da mai jirgi zai iya yi da hannunsa, kuma babu wani aiki da ke mayar da kuɗinsa kamarsa. Sai fa idan fatar ta riga ta siɗe har zaren ciki ya fara nunawa, ko ta tsattsage ko'ina, a nan ne fenti yake zama dole. Fenti mai inganci irin na haɗi biyu, kamar Awlgrip, yana da kyau matuƙa idan ƙwararre ya fesa shi a rufaffen wuri, amma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne wajen shiri: cire ƙarafa, cike ramuka, gogewa, sake gogewa. Kuma daga ranar da aka yi wa jirgi fenti ya shiga wani zagaye da ba ya fita, domin bayan kimanin shekara 10 zai nemi wani, abin da mai saye mai ilimi ya sani. Fentin da mai jirgi ya yi da kansa da buroshi a fili, ƙura na sauka a kai, shi ne ainihin gyaran gangar auzinawa, domin yakan mayar da jirgin ƙasa da inda yake kafin a taɓa shi, wanda zai saya kuma sai ya biya a kankare.

Doron katakon tik ya fi wannan ma tsanani. Yana da kyan gani, ƙafa ba ta zamewa a kansa, amma a tsofaffin jirage an ɗaure shi ne da ɗaruruwa ko dubban kusoshi masu murɗi da suka huda faibagilas, kuma yayin da katakon ke siɗewa da wanki da rana, kawunan kusoshin suna fitowa ruwa ya bi su ciki. Sabunta shi yana cikin ayyuka mafi tsada a jirgi, ga kuma ingantaccen tik ya ƙara wuyar samu tun da Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katako na gwamnatin Myanmar takunkumi a 2021. Ban ga hanyar da mai sayar da matsakaicin jirgi zai mayar da wannan kuɗi ba. Haka na'urorin lantarki na nuna hanya da auna zurfi, waɗanda ke tsufa cikin 'yan shekaru kamar wayar hannu, kuma kowane matuƙi yana da irin wadda yake so. Sababbin filafilai da kushin masu launin da mai jirgi ya zaɓa su ma kaɗan daga kuɗinsu ke dawowa.

Abin da ya fi tasiri a zuciyar mai saye kuwa kusan kyauta ne. Lokacin da ya zare murfin ƙofa ya sa ƙafa a matakala ta farko zuwa cikin jirgi, hancinsa ne ke fara yanke hukunci. Idan ya ji warin fumfuna da dizal da tsohon tiyon bayan gida, to duk abin da zai gani bayan nan da idon zargi zai kalle shi. Idan kuwa ya tarar da iska mai tsabta, ya ɗaga allon ƙasa ya ga ramin da ruwa ke taruwa a bushe, babu baƙin mai, injin a goge, akwatuna babu tarkacen shekara ashirin, fitilu duk suna kamawa, zai ɗauka cewa wanda ya kula da abin da ake gani ya kula da wanda ba a gani. A ƙara masa da fayil ɗaya da ke ɗauke da rasit na kowane gyara da kwanan watansa, da littafin da aka riƙa rubuta awowin inji da ranakun sauya mai. Takardar da ta nuna an sauya wayoyin jigo shekara uku da suka wuce ta fi kowane irin ƙyalli ƙarfi a wajen ciniki, domin tana amsa tambayar da mai inshora zai yi.

Akwai jiragen da wannan lissafi bai shafe su sosai ba, kuma adalci ne a ambace su. Wasu samfura sun yi suna har masu nemansu ba sa karɓar madadi. Contessa 32, wanda David Sadler ya zana kuma Jeremy Rogers ya riƙa ƙerawa a Ingila tun farkon shekarun 1970, ya samu irin wannan suna bayan tseren jirage na Fastnet na 1979 a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, lokacin da guguwa ta hallaka matuƙa 15 daga cikin masu tseren, kuma wani Contessa 32 mai suna Assent shi kaɗai ne ya kammala a rukunin ƙananan jirage. Haka jiragen Hallberg-Rassy na Suwidin da na Hinckley na Amurka, da tsofaffin jiragen katako na mashahuran masu zane irin su William Fife da Olin Stephens. A irin waɗannan tazarar da ke tsakanin mafi lalacewa da mafi kyau tana da faɗi, don haka gyara yana da filin da zai motsa farashi. Ko a nan ma, wanda ya fi cin riba galibi shi ne wanda ya sayi jirgin bayan wani ya gama kashe kuɗin gyara.

Wanda ke da sana'ar a hannunsa kuma yake da wurin ajiya mai sauƙi yana iya fita da 'yar riba, domin kuɗin aiki shi ne kaso mafi girma a kowane gyara. Sai dai ya kamata ya lissafa awowinsa da gaskiya, ya kuma san cewa aikin jirgi kusan kullum yana faɗaɗa: an cire ƙarfe ɗaya don a liƙe, sai a tarar da ruɓa a ƙarƙashinsa, a bi ruɓar sai ta kai ga bangon ciki. Jirgin da aka wargaza aka kasa haɗawa shi ne mafi wuyar sayarwa a duk kasuwar, ya fi wanda ba a taɓa ba wuya nesa ba kusa ba, kuma filayen gyara cike suke da irinsa.

Lokaci ne ke sauya hukuncin gaba ɗaya. Mutumin da zai ci gaba da tuƙa jirginsa shekara biyar ko goma, idan ya sa sabon inji ya yi sabon fenti, zai mori kowane kwabo da ya kashe a safiyoyin da injin ya tashi da bugu ɗaya da tafiye-tafiyen da ya yi hankalinsa kwance, ɗan abin da ya dawo a ranar sayarwa kuma ƙari ne. Sau da yawa ma gyara tsohon jirgi mai ƙaƙƙarfar ganga don amfanin kai ya fi sayen sabo sauƙi ƙwarai. Wanda kuwa ya riga ya yanke shawarar sayarwa a wannan shekara, shawarar da zan ba shi ita ce ya fara ɗauko masanin duba jirgi da kuɗinsa kafin ya taɓa komai, ya gyara ƙananan abubuwan da suka shafi tsaro da yoyo, ya wanke ya goge ciki da waje, ya tara takardunsa, sannan ya sa farashin da ya yi daidai da abin da 'yan'uwan jirgin suka sayu a kai, wanda sau da yawa yana ƙasa da abin da ake rubutawa a tallace-tallace. Kowane wata da jirgi ya ƙara yana jiran mai saye, hayar wuri da inshora suna ci daga kuɗin da ake jira, fatar da aka goge kuma tana sake koɗewa a rana.